Yadda ake karanta jikin rawuta mai ramukan kati, a haɗa ta, a tada intafes ɗinta

Rawuta ita ce na'urar da ke haɗa hanyar sadarwa ɗaya da wata tana tura bayanai tsakaninsu. Rawutar da manyan kamfanoni da bankuna da jami'o'i ke amfani da ita ba irin ƴar ƙaramar nan ta gida bace da zaka jona waya ɗaya ka tafi. Ita wannan akwatin ƙarfe ce mai ramuka, kai ne zaka zaɓi katin da zaka zura mata gwargwadon aikin da kake so, yau layin faiba, gobe layin waya, jibi katin sim. Kuma yawancin wahalar da masu koyo ke sha ba a umarni take ba, a jikin akwatin take, mutum ya zauna gaban laftof yana ta buga umarni a fot ɗin, wato bakin jona kebul, da ba shi ya jona wa kebul ba. Dan haka zan bi da kai daga jiki zuwa ciki. Zan ɗauki Cisco ISR 4331 a matsayin misali saboda tana da kusan komai da ake son gani a ƙaramin jiki, amma tsarin ɗaya ne a ƴan uwanta irin su 4321 da 4351 da 4431 da 4451, har ma da Catalyst 8300 da ta biyo bayansu a 2020.

Mataki na farko: ka kalle ta gaba da baya kafin ka jona wuta

Ka ajiye ta kan tebur ka juya ta. Tsayinta 1RU ne, wato inci 1.75, kimanin milimita 44, kuma an yi ta ne dan ta shiga rak, wato kantar ƙarfen da ake jera na'urori, mai faɗin inci 19. Fuska biyu gareta. Ɗaya ita ce mai tambarin kamfani da fitilu, a 4331 nan zaka samu wurin jona wuta, da fot ɗin konsol inda ake jona laftof a bata umarni, da AUX, da USB, da fot ɗin kula da rawutar mai rubutun MGMT. Ɗaya fuskar kuma ita ce wurin aiki na gaske, nan fot-fot na gigabit guda uku suke, da ramuka biyu ƙanana da ake kira NIM, da babban rami ɗaya da ake kira SM-X, da wurin ɗaura wayar atin mai sauke wuta zuwa ƙasa. A wasu samfuran an tattara konsol da sauran duk a fuska ɗaya, saboda haka kar ka haddace wuri, ka karanta rubutun da ke jikin ƙarfen, komai an rubuta shi a gefensa.

Waɗannan fot uku ba iri ɗaya bane, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ruɗewa. GE0/0/0 yana da baki biyu, ɗaya na kebul ɗin tagulla mai kan RJ45, ɗaya kuma ramin SFP na faiba, amma fa fot ɗaya ne, ba zaka yi amfani da bakunan biyu lokaci guda ba. GE0/0/1 tagulla kaɗai yake ɗauka. GE0/0/2 kuwa SFP kaɗai. Toh kaga idan mai baka intanet da faiba zai zo maka, kuma kana da suwic biyu na tagulla da kake son jonawa, wato akwatunan da ke tara kwamfutocin cikin gida, sai ka bar wa faiba 0/0/2 ka ba suwic ɗin sauran biyun. In ka yi gaggawar sa faiba a 0/0/0 ka cinye fot ɗin tagulla ɗaya a banza.

A ciki kuma, in ka buɗe murfi, akwai ramukan memori, tana zuwa da 4GB ana iya ƙarawa har 16GB, akwai filash inda manhajar IOS XE take zaune, akwai fankoki da akwatin wuta, da wani ƙaramin rami a kan allon uwa da ake sa katin sarrafa murya PVDM4. Ba sai ka buɗe ba in ba zaka ƙara wani abu ba. Abin lura ɗaya, 4331 akwatin wuta ɗaya gareta, in ya mutu ta mutu. Wurin da ba a son yankewa ko ta minti ɗaya gara a nemi 4431 ko 4451 masu ɗaukar biyu.

Mataki na biyu: ka gane lambobin nan uku

Wannan shi ne zuciyar maganar, in ka gane shi sauran duk sauƙi ne. Duk intafes, wato fot kamar yadda manhajar ke ganinsa, a wannan rawuta sunansa yana ƙarewa da lamba uku da aka raba da sanda, kamar 0/1/0. Ka ɗauke shi kamar adireshi, unguwa da layi da lambar gida. Lamba ta farko babban rami ce, ta biyu ƙaramin rami a cikin babban, ta uku fot ɗin da ke jikin katin, kuma ƙirga fot daga sifili ake farawa ba daga ɗaya ba.

Jikin rawutar kansa shi ne babban rami na 0. Fot-fot da aka haife ta da su suna ƙaramin rami na 0, shi yasa suke 0/0/0 da 0/0/1 da 0/0/2. Ramin NIM na farko shi ne 0/1, na biyu 0/2. Saboda haka in ka sa katin siriyal mai fot biyu NIM-2T a ramin farko zaka ga Serial0/1/0 da Serial0/1/1, in ka cire shi ka mayar rami na biyu sunayen sun koma Serial0/2/0 da Serial0/2/1, kuma saitin da ka yi a tsohon suna ba zai bi katin ba, sai ka sake rubuta shi a sabon. Babban ramin SM-X shi ne rami na 1, abin da ka sa a ciki zai fito da 1/0/0 ka ci gaba.

Wanda ya saba da tsofaffin rawutocin Cisco 2900 zai ɗan ji banbarakwai, domin can fot ɗin jiki Gi0/0 ne lamba biyu kawai, 0/0/0 kuma katin EHWIC ne, irin katin da ake zura musu. Idan ka kwafo saiti daga tsohuwa zuwa sabuwa ba tare da gyara sunayen ba rabin layukan zasu ƙi shiga. Su kansu katunan EHWIC basa shiga ramin NIM, kar ma ka gwada tura shi da ƙarfi. Sauran kamfanoni ma wannan tunanin suke bi, Juniper zata rubuta maka ge-0/0/0, Huawei a jerin AR nata tana da katunan SIC da WSIC da XSIC, sunaye ne suka bambanta.

Mataki na uku: ɗaurawa a rak da atin

Ɗaura kunnuwanta da sukurorin da suka zo da ita, ka sa ta a rak, ka ɗaure duka huɗu ba biyu ba. Duba ta inda take shaƙar iska da inda take fitarwa kar ka toshe da tarin kebul ko ka manna ta da bango. Sannan wayar atin, ka ɗaura ta a wurinta kafin wayar wuta, musamman in akwai layin tagulla da zai shigo daga wajen gini, domin tsawa ta nan take biyowa. Wuta kuma ta biyo ta UPS.

Mataki na huɗu: zaɓen kati da zura shi

Kati ana zaɓensa ne da tambaya ɗaya, wane irin layi ne zai shigo ko zai fita. In ƙarin fot ɗin rawutin kake so, wato wanda zaka ba adireshin IP kai tsaye, NIM-1GE-CU-SFP ko NIM-2GE-CU-SFP. In kwamfutoci kaɗan ne a ƙaramin reshe baka son sayen suwic daban, NIM-ES2-4 ko NIM-ES2-8, mai harafin P a ƙarshe yana ba wayoyin IP da kyamarori wuta ta cikin kebul, amma da sharaɗin akwatin wutar rawutar ya zama mai PoE ne, wato mai iya bada wannan wutar, in ba shi bane fot ɗin zai tashi wutar ce ba zata fita ba. Layin kamfanin sadarwa irin E1 mai gudun 2.048 Mbps ko T1 mai 1.544 katin MFT ake sa musu. Akwai na LTE mai ɗaukar sim da eriya biyu, yawanci ana ajiye shi ne dan ranar da babban layi ya yanke. Akwai na murya, FXS da FXO, kuma ka riƙe bambancinsu da kyau, FXS shi ake jona wa kan waya ko faks domin shi ke bada wuta da ƙarar kira, FXO shi ake jona wa layin da ya zo daga kamfanin waya. In ka sa layin kamfani a FXS wuta ta haɗu da wuta, katin zai iya ƙonewa.

Kafin ka saya ka duba ko sigar IOS XE da ke kan rawutar ta san katin, `show version` zai gaya maka sigar. Sabon kati a tsohuwar manhaja sai ya zauna shiru kamar baka sa komai ba.

Wajen sawa, ɗaura abin hannun nan mai sauke wutar jiki ka maƙala shi a ƙarfen rak, ka riƙe katin ta gefe kar ka taɓa haƙoran zinaren. Kwance marfin da ya rufe ramin, daidaita katin kan layukan da ke ciki, tura shi a hankali har fuskarsa ta yi daidai da jikin rawutar, sannan ka ɗaure sukurorin biyu. In ka ji ya cije a tsakiya fito da shi ka sake daidaitawa. Ramin da babu kati a ciki ka bar marfinsa a rufe, ba ado bane, shi ke tilasta wa iska bin hanyar da aka tsara mata, in ka bar shi a buɗe ƙura ta shiga zafi ya taru.

Waɗannan rawutoci suna yarda a cire NIM ko a sa tana kunne, amma ba fizgewa ake yi ba. Ka fara tsayar da shi da `hw-module subslot 0/1 stop`, ka jira saƙon ya fito fitilar katin ta mutu, sannan ka cire. Ni dai shawarata in sabon haɗi ne kuma babu mai amfani da layin tukuna, kashe ta kawai ka sa duk katunanka ka kunna, ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na biyar: shiga ta konsol

Sabuwar rawuta bata da adireshi, ta konsol kaɗai zaka shiga. Ko dai kebul ɗin nan shuɗi mai faɗi da ke shiga fot ɗin RJ45 mai rubutun CONSOLE, ko ƙaramin USB da ke kusa da shi. Ɗaya ke aiki a lokaci guda, in an jona na USB na RJ45 ya yi shiru. Buɗe PuTTY ko makamancinsa, gudu 9600, data 8, babu fariti, tsayawa 1, babu fulo kwanturol. Ka kula kar ka sa a AUX, kamarsu ɗaya kuma suna maƙwabtaka, shi AUX na modem ne. Kunna, ka bata mintoci ta gama tashi, tana da ɗan nawa kuma fankokin zasu yi ƙara da farko kafin su lafa. In ta tambaye ka ko kana son tattaunawar saitin farko ka ce no.

Mataki na shida: ka tambaye ta me take gani

Kafin ka saita komai ka gwada abin da idonka ya gani da abin da ita ta gani. Shiga `enable` sannan:

`show platform`
`show inventory`
`show ip interface brief`

Na farko zai jero maka ramuka, 0/0 da 0/1 da 0/2 da 1, tare da R0 wato ƙwaƙwalwar da ke lissafin hanyoyi, da F0 mai tura fakiti, da P0 akwatin wuta. Kowanne ya kamata ka ga ok a gabansa. In kati yana booting ka ƙara haƙuri, in ya daɗe a haka ko bai fito ba sam to ko bai zauna daidai ba ko manhajar bata san shi ba. Na biyu zai baka sunan kowane kati da lambar jikinsa har da SFP da ka zura, ka kwafe ka ajiye. Na uku shi ne jerin intafes.

Katin E1 yana da nasa hali, zaka gan shi a `show platform` lafiya lau amma babu intafes ko ɗaya, sai ka faɗa masa wane iri ne da `card type e1 0 1`, sannan `controller e1 0/1/0` ya bayyana, a ciki ka yi `channel-group` sannan intafes ɗin siriyal ya fito.

Mataki na bakwai: faiba da SFP

Nan zan ɗan daɗe domin nan ake ɓata yini guda. SFP ɗan ƙaramin ƙarfe ne kamar yatsa da ake zurawa a rami, shi ke maida wuta haske. Dole irinsa ya dace da irin faibar, kuma ya dace da na ɗaya ɓangaren. SX na faibar moltimod ne, hasken 850nm, yana kaiwa har mita 550 a faiba mai kyau, na cikin gini ne. LH ko LX hasken 1310nm ne, a singilmod yana kai kilomita 10. Rigar kebul ɗin tana taimaka maka, singilmod yawanci rawaya ce, moltimod ruwan lemo ko shuɗi mai haske. In wancan gefen LH ne kai ka sa SX har abada layin ba zai tashi ba komai kyan saitinka. Akwai kuma masu zare ɗaya, BX, su kuma biyu-biyu suke tafiya, gefe ɗaya U ɗaya gefen D, in duka biyun U ne babu magana tsakaninsu.

Ka tambayi mai baka layin wane SFP ne a nasu gefen kafin ka sayi naka. Zura shi har ka ji ƙas, cire murfin robar sai lokacin da zaka sa kebul, kar ka taɓa bakin faibar da yatsa, kuma dan Allah kar ka leƙa cikinsa da ido ka ga ko akwai haske, hasken baya ganuwa amma yana lalata ido. In komai ya dace layin bai tashi ba, abu na farko da zaka gwada shi ne musanya zaren biyu a gefe ɗaya kawai, domin mai aikawa na nan dole ya faɗa kan mai karɓa na can. Sau da yawa iyakar matsalar kenan. Kar ka lanƙwasa faiba sosai ko ka ɗaure ta tamau da roba. Wani lokacin kuma rawutar ce ke ƙin SFP ɗin da ba na kamfaninta ba, zaka ga saƙon a konsol.

Tagulla kuwa dokarta mita 100 ce, Cat5e ko Cat6, kar ka wuce. Fitilu biyu ne a bakin fot ɗin, L na nuna layi ya haɗu, S na nuna gudu da ƙiftawa, sau ɗaya ta huta 10 Mbps, sau biyu 100, sau uku 1000. Tun kafin ka koma kan kibod ka san ko gigabit ka samu, in kana tsammanin uku kaga biyu to ka zargi kebul, wataƙila zare ɗaya cikin takwas ɗin bai kama ba.

Mataki na takwas: tada intafes

Fot ɗin rawuta a kashe yake zuwa, saɓanin suwic. Ga misalin layin waje:

`configure terminal`
`interface GigabitEthernet0/0/0`
`description LAYIN-INTANET`
`media-type rj45`
`ip address 203.0.113.2 255.255.255.252`
`no shutdown`

Layin `media-type` na fot mai baki biyu ne, in faiba ce ka rubuta sfp a madadin rj45. Tana iya zaɓa da kanta amma na fi son a faɗa mata ƙarara. Shi kuma `description` kar ka raina shi, wanda zai zo bayanka da dare layi ya yanke shi zai fara karantawa.

Na cikin gida in VLAN da yawa ne, wato rukunonin da aka raba kwamfutoci a cikinsu, zasu bi kebul ɗaya zuwa suwic, sai ka yanka fot ɗin gida-gida, `interface GigabitEthernet0/0/1.10` sannan `encapsulation dot1Q 10` sannan adireshi, haka na 20 da na 30, ka tabbata uwar wato 0/0/1 ka yi mata `no shutdown`, kuma fot ɗin suwic ɗin yana tirank, wato an saita shi ya ɗauki VLAN da yawa.

Fot-fot na katin NIM-ES2 kuwa in ka buga musu `ip address` zasu ƙi, domin su na suwic ne duk da suna jikin rawuta. Sai ka sa su a VLAN da `switchport access vlan 10`, adireshin kuma ka ɗora shi kan `interface Vlan10`.

Sai fot ɗin MGMT, sunansa GigabitEthernet0 kawai babu sanda. An killace shi a nasa teburin hanyoyi mai suna Mgmt-intf, ba a yi shi dan ɗaukar zirga-zirgar masu amfani ba. In ka bashi adireshi ka buga ping na yau da kullum ba zai je ba, sai ka ce `ping vrf Mgmt-intf` sannan adireshin, hanyar fitarsa ma `ip route vrf Mgmt-intf` ake rubutawa. Mutane da yawa sun ɗauka fot ɗin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Mataki na tara: karanta sakamako

Sake buga `show ip interface brief` ka kalli abubuwa biyu na ƙarshe da ke gaban kowane intafes. In kaga administratively down kai ne baka yi `no shutdown` ba. In down da down ne matsalar jiki ce, kebul ko SFP ko ɗaya gefen a kashe yake, tashi ka je gaban rak. In up da down ne wayar ta haɗu amma basu fahimci juna ba, a siriyal yawanci ko yaren da suke magana da shi ya bambanta, gefe ɗaya HDLC ɗaya PPP, ko babu agogo, `show controllers serial 0/1/0` zai nuna maka ko kan kebul ɗinka DCE ne, wato gefen da ke bada agogo, in shi ne kai zaka bada `clock rate`. In up da up ne amma abu na tafiyar hawainiya duba `show interfaces`, CRC, wato ƙidayar fakitin da suka iso a lalace, in yana hauhawa kebul ne ko datti a bakin faiba, late collision kuma alamar gefe ɗaya na ful dufuleks, wato aikawa da karɓa lokaci guda, ɗaya na haf mai yin su bi da bi.

Akwai abu ɗaya da fot ba zai gaya maka ba. Rubutun gigabit a jikin fot ba shi ne gudun rawutar ba. 4331 tana zuwa ne an ƙayyade ta a 100 Mbps, da lasisi take hawa 300, kuma lissafin na duk abin da ke ratsa ta ne, shiga da fita a haɗe. 4321 daga 50 zuwa 100 ce, 4451 daga gigabit 1 zuwa 2. Buga `show platform hardware throughput level` ka ga inda kake. In layin da aka baka ya fi wannan lamba, ka sa lasisin, ka ɗaga da `platform hardware throughput level 300000`, ka adana, sannan ka sake kunna ta kafin ya fara aiki.

Daga nan `show environment all` ka ga zafi da fankoki, sai `copy running-config startup-config` dan kar saitin ya tafi da ɗaukewar wuta, ka kwafi wani a USB ko a kwamfutar saba. Kowane kebul ka manna masa takarda a kai biyun da cikakken sunan fot ɗinsa, 0/0/2 ko 0/1/0, daidai da abin da ka rubuta a `description`.